Rachid Yazami: masanin da bincikensa ke cikin wayoyin mutanen Daura

Duk wanda ya shiga kasuwar Mai'adua ranar Lahadi, ko ya bi ta bakin tashar mota a garin Daura da yamma, zai ga rumfunan masu cajin waya, an jera wayoyi gwammai a kan katako, kowace da lambar mai ita.

A cikin batirin kusan kowace daga wayoyin nan akwai wani baƙin gari da ido ba ya kaiwa gare shi, wanda a cikinsa ne cajin ke zama har lokacin da za a buƙace shi.

Sunan garin girafayit, kuma shi ne dai baƙin abin nan da ke tsakiyar fensir, wanda 'yan makaranta ke rubutu da shi.

Ɗaya daga cikin mutanen da suka fara nuna wa duniya cewa wannan abu zai iya ajiye wutar lantarki, ya kuma sake ta, a sake mayar da ita ba tare da ya lalace ba, shi ne Farfesa Rachid Yazami, ɗan ƙasar Maroko.

Ya yi wannan gwaji ne a shekarar 1980, shekara 21 kafin wayar salula ta GSM ta fara aiki a Najeriya. Sunansa bai shiga jerin waɗanda aka bai wa kyautar Nobel kan batirin ba, abin da ya jawo ce-ce-ku-ce a shekarar 2019.

Yadda batir ke ajiye wuta

Wutar lantarki ba hatsi ba ce da za a zuba a rumbu. Idan aka samar da ita, ko dai a yi amfani da ita nan take, ko kuma a juya ta zuwa wani abu dabam da za a iya adanawa.

Wannan ne aikin batir. Yana da gefe biyu, wanda masu gyaran mota ke kira fozitif da wanda suke kira nagetif, sannan akwai ruwan batir a tsakaninsu.

A batirin waya, ƙwayoyin zarra na wani ƙarfe mai suna litiyam ne ke kai-komo tsakanin gefen biyu. Idan aka jona caji, wutar tana tura su zuwa gefen nagetif su zauna. Idan aka fara amfani da wayar, sai su kama hanyar komawa gefen fozitif, kuma wannan komawa ce ke sa wuta gudana a cikin wayar.

An zaɓi litiyam ne saboda babu ƙarfen da ya kai shi rashin nauyi, har yana iya tasowa a kan ruwa. Amma fa ƙarfe ne mai saurin fushi, domin da ya haɗu da ruwa ko danshin iska yakan fara ci, wani lokaci har ya kama da wuta.

Tambayar da ta daɗe tana damun masana ita ce, ina za a sauke wannan baƙo mai zafin rai idan ya iso gefen nagetif?

Batura masu kamawa da wuta

A shekarun 1970, lokacin da farashin man fetur ya yi tashin gwauron zabo a duniya, wani masani haifaffen Ingila, Stanley Whittingham, ya haɗa batirin litiyam na farko da ake iya sake yi wa caji, a ɗakin binciken kamfanin mai na Exxon a Amurka.

Shi ya yi amfani da tsurar ƙarfen litiyam ne a gefen nagetif.

Matsalar ita ce, duk lokacin da aka yi caji, ƙarfen ba ya komawa ya kwanta sumul. Sai ya riƙa tsiro kamar ƙaya, har wata rana ƙayar ta huda shingen da ya raba gefen biyu, su haɗu, batirin ya yi zafi ya kama da wuta.

Kamfanin Moli Energy na ƙasar Kanada ya ɗanɗana kuɗarsa a kan haka. A shekarar 1989 wata waya mai ɗauke da batirinsa ta kama da wuta a Japan, aka janye baturan daga kasuwa, kamfanin kuma ya durƙushe.

Ta fuskar gefen fozitif kuwa, an samu babban ci gaba a shekarar 1980, lokacin da John Goodenough da abokan aikinsa a Jami'ar Oxford suka gano cewa haɗin litiyam da ƙarfen kobalt na iya ba da ƙarfin wuta na kusan bolt 4, wato kusan ninkin abin da aka samu a baya.

Saura ɗaya gefen.

Daga Fas zuwa Grenoble

An haifi Rachid Yazami a shekarar 1953 a birnin Fas. Birnin ba baƙo ba ne a kunnen mutanen arewacin Najeriya, domin a can ne kabarin Shehu Ahmadu Tijjani yake, kuma a can ne masallaci da makarantar Ƙarawiyyin suke, waɗanda Fatima al-Fihri ta kafa a shekarar 859.

Ya tafi Faransa karatu, inda ya kammala karatun injiniya a cibiyar fasaha ta birnin Grenoble a shekarar 1978, sannan ya zarce da binciken digirin digirgir a ƙarƙashin kulawar Philippe Touzain.

Abin da ya ja hankalinsa ga girafayit shi ne yadda Allah ya tsara shi. Sinadarin kabon ne zalla, irin wanda ke cikin gawayi, amma a shimfiɗe yake fallen-fallen, wani kan wani, kamar shafukan littafi. Wannan ne ma ya sa fensir ke rubutu: fallayen ne ke zamewa suna maƙalewa a takarda.

Tsakanin kowane falle da na kusa da shi akwai ɗan sarari. Idan ƙwayoyin litiyam za su iya shiga wannan sarari su zauna, to ba za su samu damar tsiro kamar ƙaya ba. Ƙwayar litiyam ɗaya tana samun gurbi a tsakanin kowaɗanne ƙwayoyin kabon shida.

Ba Yazami ne ya fara wannan tunani ba. Masanin Jamus Jürgen Besenhard ya yi nazari a kai tun a shekarun 1970, haka ma Samar Basu a Amurka. Sai dai akwai cikas: ruwan batirin da aka fi amfani da shi a wancan lokaci yakan bi litiyam ya kutsa tsakanin fallayen, ya kumbura su, ya yayyaga girafayit ɗin. Saboda haka da yawa daga masana suka ɗauka cewa abin ba zai yiwu ba.

Dabarar Yazami ita ce ya kauce wa ruwan gaba ɗaya. Ya maye gurbinsa da wani nau'in roba mai barin litiyam ya ratsa ta cikinta, amma ita kanta ba ta iya kutsawa cikin fallayen.

Da haka ya nuna cewa litiyam na shiga girafayit ta hanyar caji, ya fita, ya sake shiga, ba tare da fallayen sun ruguje ba. Wato laifin ba na girafayit ba ne, na ruwan ne.

A lokacin bai cika shekara 30 da haihuwa ba. Shi da malaminsa sun wallafa cikakken sakamakon a wata mujallar kimiyya a shekarar 1983.

Daga ɗakin bincike zuwa kasuwa

Ya kamata a faɗi cewa batirin da Yazami ya gwada ba shi ne ya shiga kasuwa ba.

Akira Yoshino na kamfanin Asahi Kasei a Japan ne ya haɗa samfurin batirin da za a iya sayarwa a shekarar 1985. Ya ɗauki gefen fozitif na Goodenough, ya haɗa shi da wani nau'in gawayi da ake samu daga ragowar tace man fetur. Kamfanin Sony ya fitar da batirin kasuwa a shekarar 1991.

A shekarar 1990 kuma, wasu masana a Kanada, ƙarƙashin Jeff Dahn, suka nuna cewa akwai wani ruwan batir da ba ya lalata girafayit. Maimakon ya kutsa ciki, sai ya yi wata siririyar fata a samansa, wadda ke barin litiyam kaɗai ya wuce.

Daga tsakiyar shekarun 1990 kamfanoni suka koma kan girafayit, saboda ya fi gawayin ɗaukar caji kuma wutarsa ba ta yawan hawa da sauka. A kansa aka tsaya tun daga lokacin, a waya da kwamfuta da motoci masu amfani da lantarki.

Kyautar da ta wuce shi

A ranar 9 ga watan Oktoban 2019, aka sanar a birnin Stockholm cewa kyautar Nobel ta kimiyyar sinadarai ta tafi ga Goodenough da Whittingham da Yoshino. Goodenough na da shekara 97 a lokacin, kuma shi ne mafi tsufa da aka taɓa bai wa kyautar. Ya rasu a shekarar 2023 yana da shekara 100.

A Maroko mutane da dama sun nuna rashin jin daɗinsu, suna ganin an yi wa ɗan ƙasarsu ƙwange.

Hujjarsu kuwa ba ta banza ba ce. Shekara biyar kafin nan, a 2014, Cibiyar Injiniyoyi ta Ƙasa a Amurka ta ba da kyautar Draper, wadda injiniyoyi ke ɗauka a matsayin tasu Nobel ɗin, ga mutum huɗu kan wannan batir: Goodenough, da Yoshino, da Yoshio Nishi na kamfanin Sony, da kuma Yazami. Kuɗin kyautar dala dubu 500 ne.

Sai dai ƙa'idar Nobel ita ce ba a raba kyauta ɗaya ga fiye da mutum uku. A aikin da hannaye da yawa suka taɓa tsawon shekara ashirin, dole a bar wasu a waje, kuma ba Yazami kaɗai aka bari ba. Ko an yi adalci wajen zaɓen ukun, wannan batu ne da masana ke saɓani a kai.

Shi dai ya ci gaba da aikinsa. Ya shiga hukumar binciken kimiyya ta Faransa, CNRS, a shekarar 1985, ya yi shekara goma yana bincike a cibiyar Caltech ta Kalifoniya daga 2000 zuwa 2010, sannan ya koma Jami'ar Fasaha ta Nanyang a Singafo. Sarkin Maroko Muhammad na shida ya ba shi lambar yabo a 2014, Faransa ma ta ba shi tata a 2016.

Da me ake auna tasirin bincike?

A jami'o'i, ciki har da na Najeriya, ana auna malami ne da yawan maƙalolin da ya wallafa, da yawan masanan da suka ambaci aikinsa a nasu rubutun, da kuma takardun mallakar fasaha da ya samu. Yazami na da maƙaloli fiye da 200.

Amma wannan ma'auni bai cika nuna inda binciken ya je ya tsaya ba.

Wani nazari da aka wallafa a 2021 daga cibiyar MIT ta Amurka ya nuna cewa farashin batirin litiyam ya faɗi da kusan kashi 97 cikin ɗari tsakanin 1991 da 2018. Wannan faɗuwa ce ta sa abin da a da sai attajirin Tokyo ya zo hannun mai sayar da dabbobi a kan iyakar Kongolam, wanda ke jin farashin kasuwa ta waya kafin ya ɗora shanu a mota.

Araha da yalwar girafayit na daga cikin abubuwan da suka sa hakan ta yiwu. Da ace sai da wani ƙarfe mai tsada ne gefen nagetif zai yi aiki, da labarin ya sha bamban.

A masarautar Daura batun ya wuce na waya. Bankin Duniya ya ce a shekarar 2021 'yan Najeriya kimanin miliyan 85 ba su da wutar gwamnati. Waɗanda ke da ita ma, a yankin da kamfanin KEDCO ke rarraba wa, wato Kano da Katsina da Jigawa, sun san yadda take zuwa da tafiya.

A watan Oktoban 2024 akasarin jihohin arewa sun shafe fiye da mako guda cikin duhu bayan lalacewar manyan layukan da ke kawo wuta yankin. Janareta kuwa ya zama sai wane da wane tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023.

Rana dai ba ta yi wa Daura rowa ba. Amma tana faɗuwa da magariba, daidai lokacin da ɗalibi zai buɗe littafi, mai shago zai kunna fitila, ungozoma kuma za ta iya karɓar haihuwa. Haka ita ma iska, wadda aka kafa wa tashar megawat 10 a Lambar Rimi kusa da Katsina, ba ta kaɗawa bisa buƙatar mutane. Saboda haka amfanin farantan sola da dare ya rataya ne kacokan a kan batir.

Zafin bazara

Shekaru da dama, batirin da aka saba haɗawa da sola da inbata shi ne mai dalma, ɗan uwan batirin mota, wanda Bafaranshe Gaston Planté ya ƙirƙiro tun a shekarar 1859.

Yana da sauƙin kuɗi wajen saye, amma idan ana shanye fiye da rabin cajinsa kullum ba ya daɗewa. Kuma masu ƙera shi kan lissafa shekarunsa ne bisa yanayin da bai wuce digiri 25 ba. Duk ƙarin digiri 8 zuwa 10 a kan haka kan rage tsawon ransa da kusan rabi.

A Daura da Baure da Zango da Sandamu, zafi kan haura digiri 40 a watannin Afrilu da Mayu, a inuwa ke nan. Ɗakin da ke da rufin kwano kuma babu taga ya fi haka. Ba abin mamaki ba ne mutum ya sayi batir da aka ce zai yi shekara biyar, ya mutu masa kafin ya cika biyu.

Akwai kuma batun inda mataccen batirin ke zuwa. Fasa shi da narkar da dalmarsa a kusa da gidaje haɗari ne babba. Mutanen arewa sun ga abin da gubar dalma ke yi a Zamfara a shekarar 2010, inda yara fiye da 400 suka mutu, duk da cewa a can daga haƙar zinare gubar ta fito.

Wannan ya sa masu hali ke komawa kan batirin litiyam, musamman nau'in da ke amfani da ƙarfe da sinadarin fosfet a gefen fozitif a maimakon kobalt. Ɗakin binciken Goodenough a Jami'ar Texas ne ya fito da shi a shekarun 1996 da 1997. Ya fi jure zafi, ba ya saurin kamawa da wuta, kuma ana iya yi masa caji sau dubbai. Gefensa na nagetif kuwa girafayit ne.

Sai dai shi ma zafi na ci masa tuwo a ƙwarya, kuma a wurin girafayit ɗin ne ɓarnar ta fi faruwa. Siririyar fatar nan da ke kare fallayen takan ƙara kauri da sauri idan zafi ya yi yawa, kuma da litiyam ɗin batirin take gina kanta. Duk ƙwayar da ta maƙale a cikinta ta tafi ke nan.

Abin da ke sa wayar da ake bari a rana tana caji, ko a cikin motar da aka rufe gilasanta, ke daina riƙe wuta da wuri ke nan. Ajiye batirin sola a wuri mai inuwa da iska ba ƙawa ba ce, tsimin kuɗi ne.

Sanin lafiyar batir

A nan ne aikin Yazami na baya-bayan nan ya shafi mai saye kai tsaye.

Ya daɗe yana nazarin yadda ƙarfin wutar batir ke sauyawa idan zafinsa ya sauya, domin a gane halin da cikinsa ke ciki ba tare da an fasa shi ba. A shekarar 2011 ya kafa kamfanin KVI a Singafo, kuma a 2015 Jami'ar Nanyang ta sanar da cewa ya ƙera wata 'yar mitsitsiyar na'ura da za a iya sakawa a batir, ta faɗi lafiyarsa, ta kuma yi gargaɗi kafin ya kama da wuta.

Shekara guda bayan haka, a 2016, kamfanin Samsung ya janye wayarsa Galaxy Note 7 daga kasuwannin duniya saboda baturanta na kamawa da wuta.

Ga mai saye a kasuwar ƙauye, matsalar ta fi wannan sauƙin fahimta. Abin da aka rubuta a jikin fawa bank ko batirin sola ba lallai ne shi ne abin da ke ciki ba, domin akwai waɗanda ake harhaɗawa da tsofaffin batura da aka ciro daga wasu na'urori. Ba shi da hanyar tantancewa sai bayan ya biya kuɗi ya kai gida.

Wannan fage ne da makarantun yankin za su iya taka rawa a cikinsa ba tare da injina masu tsadar gaske ba. Jami'ar Umaru Musa 'Yar'adua da ke Katsina na da cibiyar binciken makamashi mai sabuntawa, Jami'ar Usmanu Danfodiyo ta Sakkwato na da tata tun farkon shekarun 1980, sannan a Daura kanta akwai Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya, da Jami'ar Sufuri ta Tarayya wadda aka aza harsashinta a watan Disamban 2019.

Gwada baturan da ake sayarwa a kasuwannin yankin, da bin diddigin yadda suke tsufa a zafin bazara da ƙurar hunturu, bincike ne da masu ƙera su a ƙasashe masu sanyi ba su da dalilin damuwa da shi.

Ma'adinai a nan, masana'antu a can

Wani abin lura shi ne, yawancin abubuwan da ake haɗa batirin da su akwai su a ƙarƙashin ƙasar Afirka. Kimanin kashi 70 cikin ɗari na kobalt ɗin duniya daga Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kongo yake fitowa. Mozambik da Madagaska na cikin manyan masu haƙo girafayit.

Amma fiye da kashi 90 cikin ɗari na aikin sarrafa girafayit ya zama wanda za a iya sakawa a batir, a China ake yin sa. A watan Disamban 2023 ƙasar ta fara neman sai an samu izini kafin a fitar da wasu nau'o'insa waje, abin da ya tayar da hankalin kamfanonin motoci a Turai da Amurka.

A Najeriya, an buɗe wata masana'antar sarrafa duwatsun litiyam a jihar Nasarawa a watan Mayun 2024, ta wani kamfani mai alaƙa da China. Aikinta tace dutsen ne, ba ƙera batir ba.

Maroko kuwa, ƙasar haihuwar Yazami, wadda ke da mafi yawan ajiyar fosfet a duniya, ta sa hannu a watan Yunin 2024 kan yarjejeniya da kamfanin Gotion na China, domin gina masana'antar batura a birnin Kenitra, a kan kuɗi dala biliyan 1.3 a zangon farko.